Sun share mini hawaye, yanzu kuma ina tsoron ce musu a'a

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 34. Shekara biyu da suka wuce aurena ya mutu, bayan wata huɗu kuma mahaifiyata ta rasu. Na shiga wani hali, ko wanka da ƙyar nake yi. Wata abokiyar aikina ta gayyace ni taron wata ƙungiya da ke tallafa wa marayu, tana kuma koyar da abin da suke kira "gina kai". Ranar farko mata sun kai ashirin da suka rungume ni, kowacce tana cewa dama ni suke jira. Cikin wata uku na dawo mutum.

Daga baya aka ce in shiga "mataki na ɗaya". Kwana uku muka yi a rufe, an karɓe wayoyinmu, ba ma kwanciya sai wajen ƙarfe biyun dare. Akwai zaman da ake kira "sauke kaya", kowa ya tashi ya faɗi sirrinsa mafi muni, wata tana gefe tana rubutawa. Na faɗi abin da ko mahaifiyata ba ta sani ba. Yanzu ina mataki na uku, kuɗin kowane mataki ya ninka na baya, kusan kashi ɗaya cikin uku na albashina can yake tafiya. An haɗa ni da "mai riƙo" wadda nake gaya wa duk inda zan je. An ce in kawo mutum biyar kafin ƙarshen shekara, har na kawo aminiyata.

Yayana ya tambaye ni ina kuɗin marayun yake zuwa. Da na yi tambayar a taro, shugabarmu, wadda muke kira Uwa, ta yi murmushi ta ce "tsohuwar ke ce take magana". Sati biyu ba mai amsa gaisuwata, sai da na miƙe na nemi gafara. An ce in nisanci yayana don "mai ja baya" ne. Wata uku ke nan ban ɗaga wayarsa ba.

Amma Anti, da idona na ga yaran da aka biya wa kuɗin makaranta. Kuma su suka ɗaga ni lokacin da kowa ya gaji da kukana. Butulci nake shirin yi, ko yayana ne ke da gaskiya? In na fita, sirrina fa?

Wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan Mama, Ya kai haske kabarinta. Mutuwar aure da rashin uwa a cikin wata huɗu ba ƙaramin abu ba ne, duk wadda ta sha wannan za ta kama hannun da aka miƙo mata ba tare da ta tsaya duba fuskar mai hannun ba. Ban ga wauta a shigarki ba ko kaɗan. Ina kuma kyautata zaton wannan wasiƙar ba ki nuna wa mai riƙonki ba, kuma kin san dalilin da ya hana ki nuna mata.

Amsar tambayarki ta farko: a'a, ba butulci ba ne. Kina ta ƙoƙarin zaɓar ɗaya cikin biyu, ko dai mutanen kirki ne masu taimakon marayu, ko kuma 'yan damfara ne. Ai duka biyun suna iya zama a gida ɗaya. Yaran da kika gani an biya wa kuɗin makaranta gaskiya ne, sauƙin da kika samu ma gaskiya ne, ba wanda zai ƙwace miki shi. Amma alherin da ƙungiya take yi wa na waje ba ya wanke abin da take yi wa na ciki.

Bari in ba ki labarin wata ƙungiya da ake kira Synanon. A 1958 wani mutum mai suna Charles Dederich, wanda shi kansa ya yi fama da shan giya, ya kafa ta a Santa Monica ta jihar Kalifoniya a Amurka, don raba mutane da miyagun ƙwayoyi. Da farko an yaba mata sosai, jaridu suka yi ta kambama ta, masu hannu da shuni suka yi ta zuba gudummawa, kuma akwai waɗanda suka daina shaye-shaye a hannunta. Babban maganinsu wani zama ne da suke kira "wasa": a zauna a kewaye, a tasa mutum ɗaya a gaba da tonon silili da zagi, wai don a fasa girman kansa. A farkon lamari mutum yakan gama ya koma gida. Daga baya aka ce babu gamawa, wanda ya fita zai koma ruwa, don haka zama ne na har abada. Kafin shekarun 1970 su ƙare an kai ga aske kan mambobi, da tilasta wa maza yin aikin hana haihuwa, da raba ma'aurata a haɗa kowa da wani. A 1978 wasu 'yan ƙungiyar suka saka maciji mai dafi a akwatin wasiƙun wani lauya, Paul Morantz, da ya yi nasara a kansu a kotu. Macijin ya sare shi, Allah Ya yi da sauran kwanansa. Ban kawo wannan don in ce taku za ta kai can ba, yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi ba sa kaiwa, suna tsayawa ne a tatsar aljihu da lokaci da raba mutum da danginsa. Na kawo shi ne don ki ga cewa waɗanda suka zauna shekara da shekaru a ciki suna da irin hujjarki: "ai su suka cece ni."

Rungumar da aka yi miki ranar farko ita ce ta fi tsaya mini a rai. Mata ashirin da ba su taɓa ganinki ba, kowacce ta ce ke ake jira. Masu nazarin irin waɗannan ƙungiyoyi sun daɗe da sanin wannan salo na yi wa baƙo ruwan ƙauna tun kafin a san shi, kuma an fi samun sa'a a kan wanda rayuwa ta yi wa rauni kwanan nan: wanda aka yi wa rasuwa, wadda aka saka, wanda ya rasa aiki, wanda ya sauka baƙon wuri. Ba na cewa matan nan ƙarya suke yi, wataƙila yawancinsu da zuciya ɗaya suka rungume ki, don su ma haka aka yi musu. Ki dubi dai abin da ya faru da kika yi tambaya guda ɗaya tak. Mutum ashirin suka ɗauke miki wuta a rana ɗaya, suka kuma dawo a rana ɗaya bayan kin nemi gafara. Ƙaunar da ta taso daga zukata ashirin ba ta ɗaukewa lokaci guda haka. Akwai mai riƙe da makunnin. Wannan shi ne ɗaurin talala: igiyar tana da tsawo, kina kiwo kina ganin a sake kike, sai ranar da kika nufi wani gefe ta fizge ki.

Kuma ba a rana ɗaya aka ɗaura ta ba. Da a taron farko aka ce miki ki kawo sulusin albashinki, ki daina kula yayanki, ki riƙa faɗin duk inda za ki, da kin ɗauki jakarki kin fice. A 1966 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Jonathan Freedman da Scott Fraser, sun gwada wannan a Kalifoniya. Sun nemi masu gidaje su yarda a kafa wani ƙaton allo mummuna na gargaɗin direbobi a ƙofar gidansu. Cikin waɗanda aka tunkara kai tsaye, kashi 17 cikin ɗari ne suka yarda. Waɗanda kuwa aka fara roƙa su liƙa wata 'yar ƙaramar takarda a kan batun makonni kaɗan kafin nan, kashi 76 cikin ɗari suka amince da ƙaton allon. Mutum in ya ce to sau ɗaya, yakan fara kallon kansa a matsayin mai yin irin wannan abu, sai a'a ta yi masa nauyi a gaba. Ki haɗa da kwana uku ba waya ba isasshen barci, wanda ko ƙaton namiji aka yi wa haka sai hankalinsa ya yi laushi. Ki haɗa da kuɗin da kika riga kika zuba, wanda kullum yake raɗa miki cewa in kin tsaya yanzu na baya ya tafi a banza. Na baya ya riga ya tafi, ƙanwata, ko kin tsaya ko kin ci gaba. Na gaba ne yake hannunki.

Sai maganar "tsohuwar ke". Ki sake sauraron abin da ya faru a ɗakin nan. Kin yi tambaya a kan kuɗi, tambayar da amsarta lambobi ne a takarda. Aka ba ki amsa a kan lafiyar zuciyarki. Cikin jimla ɗaya aka ɗauke batun daga asusun ƙungiya aka ɗora shi a kanki, kika shiga kare kanki, aka manta da marayu. Wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Robert Lifton, ya zauna a Hong Kong a shekarun 1950 yana hira da mutanen da aka sako daga gidajen yarin Sin bayan an yi musu wankin ƙwaƙwalwa, ya kuma fitar da alamomi takwas na irin wannan tsari a 1961. Biyu daga ciki suna cikin wasiƙarki ƙarara. Ɗaya ita ce ƙirƙiro gajerun kalmomi na cikin gida masu kashe tunani, waɗanda da an furta su magana ta ƙare. Ɗayar ita ce sa mutane su riƙa fallasa kansu a bainar jama'a. "Mai ja baya" ma irin wannan kalma ce. Da zarar an laƙaba wa yayanki ita, ba sai an amsa tambayarsa ba, kuma duk abin da zai ƙara faɗa ya zama hujjar cewa sunan ya dace da shi.

Kada shirun sauran matan ya sa ki ɗauka ke kaɗai ce mai shakka. A farkon shekarun 1950 Solomon Asch ya riƙa zaunar da mutum cikin 'yan mutane da aka riga aka haɗa baki da su, a nuna layuka a tambayi wanne ya yi daidai da wanne a tsawo. Amsar a fili take, amma in sauran duk suka faɗi ta ƙarya, kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi su aƙalla sau ɗaya. Abin da ya fi burge ni a gwajin shi ne, in aka samu mutum ɗaya kacal a ɗakin ya faɗi gaskiya, sai bin ayarin ya ragu ƙwarai. Shi ya sa aka yi miki horon sati biyu a gaban kowa. Ba ke kaɗai ake koya wa darasi ba.

Ita Uwa, ban san zuciyarta ba, ba zan kuma yanke mata hukunci daga wasiƙa ɗaya ba. Tana iya zama mai cin amana da ta san abin da take yi, tana iya zama wadda ta fara da niyya mai kyau, yabo da biyayya suka hau mata kai har ta daina bambance kanta da ƙungiyar. Wannan ba aikinki ba ne ki warware. Mai riƙonki kuwa ki tausaya mata, ita ma akwai mai riƙe da ita, kuma da wuya a ce abin da kike gaya mata a wurinta yake tsayawa. Daga yau ki rage abin da kike ba ta. Inda za ki, wanda kika gani, abin da ke asusunki, ba hakkinta ba ne.

Yayanki ya yi tambayar da duk mai ba da gudummawa yake da ikon yi. Wataƙila ya yi ta da zafi, wataƙila ya haɗa da gori, ban sani ba, yayye maza sukan yi haka in tsoro ya kama su. Amma wata uku yana kira ba ki ɗagawa, bai kuma daina ba. Ki auna wannan da sati biyun da aka yi ba a amsa gaisuwarki.

Yanzu sirrinki, don na san shi ne ainihin abin da ya hana ki barci. A Amurka an yi wata ƙungiya mai suna NXIVM, wadda Keith Raniere ya kafa a 1998 a jihar New York, tana sayar da kwasa-kwasan cin nasara a rayuwa mataki-mataki. A wani ɓangarenta na ɓoye sai mace ta ajiye jingina kafin a karɓe ta: hotunan tsiraici, ko rubutaccen sirri mai iya rusa ta ko danginta. Tsoron fallasa ya riƙe mata da yawa. Da wasu suka yi ƙarfin hali suka fita suka yi magana, kotu ta same shi da laifi a 2019, a 2020 aka yanke masa shekara 120 a gidan yari. Jinginar da ya tara don rufe bakin mutane tana cikin abin da ya kai shi can. Ki sani, yi wa mutum barazana da sirrinsa don a karɓi kuɗinsa ko a tilasta masa wani abu laifi ne a dokokin ƙasashe, kuma ƙungiyar da ke rayuwa da sunan taimakon marayu ta fi ki asara in aka ji tana tona asirin mambobinta. Wannan ba tabbaci ba ne cewa ba za a yi gulma ba. Don haka ki rage wa sirrin ƙarfi da kanki: ki zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana a wajen ƙungiyar, ko ƙwararren mai ba da shawara wanda aikinsa ya wajabta masa rufe sirri, ki gaya masa. Abin da mutum ɗaya mai ƙaunarki ya riga ya ji bai guje ki ba, ba ya cizo kamar da. Ki kuma adana duk saƙonni, da shaidar kowane kuɗi da kika tura, da ranaku, a wurin da ba a wayarki kaɗai ba. In aka yi miki barazana ko da a fakaice ne, kada ki amsa, ki kai wa lauya.

Ba zan ce ki fita gobe ba, don shawarar da aka tura ki kika yanke ba za ta zauna ba, kuma an isa yanke miki shawara haka nan. Ki gwada su. Ki ce wannan karon ba za ki shiga mataki na huɗu ba, kuma za ki huta wata ɗaya daga taro. Kada ki kawo dogon uzuri, uzuri ƙofa ce da za a bi a lallashe ki. "Ba zan samu dama ba" ta isa, in an sake tambaya ki sake maimaita ta. Sannan ki rubuta, a rubuce ba a taro ba, ki nemi takardar rajistar ƙungiyar, da sunayen amintattunta, da bayanin kuɗin shiga da na fita na shekarar da ta wuce, da ko wani mai binciken kuɗi na waje ya duba shi. Ki lura da sunan da ke kan asusun da kike tura kuɗi, na ƙungiya ne ko na mutum. Ƙungiyar agaji ta gaskiya tana da waɗannan a ajiye, wasu ma murna suke yi in an tambaya. In aka ba ki, aka kuma ce Allah Ya huta gajiya sai kin dawo, to kina iya zama bisa sharaɗinki: gudummawar da ke kika yanke, ba mai riƙo, ba sauke kaya, ba farautar mutum biyar. In kuwa aka dawo da ɗauke wuta, ko aka yi miki dirar mikiya da kira da ziyara da kuka, ko aka fara tuna miki abin da kika faɗa a zaman nan, kin samu amsarki daga bakinsu. Gaskiya, da abin da kika riga kika ba ni labari, na fi zaton na biyun. Ki nemi kuma ko mutum biyu da suka bar ƙungiyar ki ji ta bakinsu. Ki tuna yadda ake ambatonsu a taro, don haka za a ambace ki.

In fitar ce, ki yi ta ba hayaniya. Ki fara tsayar da duk kuɗin da ke fita da kansa daga asusunki, ki canza lambobin sirrin da wani ya sani, ki karɓo duk takardarki da ke hannunsu. Saƙo ɗaya gajere ya wadatar. Kada ki yarda da "zo mu zauna mu fahimci juna" ke kaɗai a cikinsu, an fi ki iya wannan zaman.

Aminiyarki tana da hakki a kanki, amma ban da kai mata farmaki da cewa an yaudare ta. Tana cikin watannin zuma, za ta kai rahotonki ne kawai, a laƙaba miki sunan da aka laƙaba wa yayanki. Ki gaya mata abin da ya same ki ke: na yi tambaya kaza, aka yi mini kaza, na kashe kaza. Ki roƙe ta abu ɗaya, kada ta faɗi wani sirri a zaman sauke kaya in ba ta riga ta yi ba. Sannan ki ci gaba da kiranta a kan abubuwan da suka haɗa ku tun kafin ƙungiyar, ko da ta ja baya. Mutane da yawa da suka fita daga irin wannan wuri sun iya fita ne don akwai wani a waje da bai rufe musu ƙofa ba.

Marayun kuma ba su zama dalilin zamanki ba. Sulusin albashi kuɗi ne mai yawa, ko rabinsa kika kai kai tsaye makarantar wani yaro kika karɓi rasit, kin san inda ya shiga.

Abu ɗaya da ba na so ya zo miki ba shiri: makonnin farko za su yi ɗaci. Wayarki za ta yi tsit, ranakun taro za su zama fili, kuma baƙin cikin Mama da hidimar ƙungiya ta danne zai iya tasowa sabo. Za ki ji kamar maganarsu ta tabbata, tsohuwar ke ta dawo. Makoki ne da ba ki ƙarasa ba, da kewar mutanen da kika saba da su, kuma duka biyun suna wucewa. In ya kai ga barci ya gagara, ko abinci, ko kika fara jin rayuwar ta ishe ki, ki ga likita ba tare da jinkiri ba. Ki tanadi abin da za ki cike ranakun nan da shi tun kafin su zo.

Yau dai ki kira yayanki. Ba sai kin ce masa ya yi gaskiya ba, ba sai kin ba shi labarin komai ba. Ki ce, "Yaya, na yi kewarka, ina cikin wani tunani, ina so ka saurare ni ba tare da ka ce dama ka faɗa ba." In kin tura wa Uwa takardar neman lissafin, ki sake rubuto mini abin da ta ce.